Garbai da Wankan Tsaye

Duk wanda ya tashi a Gure ya san gidan Garbai magini. Ko bai san gidan ba ya san katangar, don ita kaɗai ce a unguwar ta karkace. Mutumin da ya miƙe wa rabin gari bango, nasa bangon da tokara yake tsaye. In ka yi masa magana sai ya ce ai ba karkacewa ta yi ba, kunne ta kasa tana jin abin da maƙwabta ke cewa.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, kai kamar an kife tulu, hannuwa kuwa in ya gaisa da kai sai ka koma gefe ka duba ko yatsunka sun cika. Ubansa magini, kakansa magini. Masu ƙara gishiri ma cewa suke yi da curin laka ya zo duniya a hannu, ungozoma ta yi ta fama ya ƙi saki. Ba ya awo da igiya. Kamu da taƙi ne ma'auninsa, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, sauran kuma ido ya ƙarasa. Wannan yarda da ido ita ta kusa kai shi inda ba a komowa da lafiya.

A shekarar alif ɗari tara da talatin da shida, lokacin da ake jan hanyar mota ta wajen Gidigir, aka kawo wani Nasara mai kula da aikin. Sunansa na yanka ba wanda ya iya faɗi, sai aka sa masa Mushe Giginya, Mushe don haka ake kiran Nasaran Faransa, Giginya don in yana tafe daga nesa hularsa ake fara gani, sai an jima sauran jikin ya iso. Yana da wani kaye baƙi, wato littafi, da yake rubuta sunayen mazan da za a kai aikin hanya. Wanda sunansa ya shiga kayen nan, wata uku zai yi yana ɗaukar dutse a ka, ba ruwansu da ko damina ta faɗi. Shekarar da ta wuce an kai Adamu ƙanen Garbai. Ya komo da tari a ƙirji, bai ga kaka ba. A bana mutum talatin aka rubuta, Garbai na sha bakwai. Gonarsa tana can hanyar Kelle, ƴaƴansa mata biyu suna aure a Bune, gida daga shi sai matarsa Aisa. In ya tafi, ba mai shuka, kuma shi kansa ya san ƙirjinsu iri ɗaya ne da na Adamu.

Gidan da aka sauke Mushe yana gindin dutse. Wani Nasara na da can ya sa an haƙa ɗaki a ƙarƙashinsa don kwalabensa su yi sanyi. Ɗaki ne da in akuya biyu suka shiga, sai ɗaya ta fito kafin ɗayar ta juya. Amma da bazara ta kama, Mushe ya gane duk Gure ba inda iska ke da mutunci sai ramin nan. Sai ya aika a kira masa magini.

Mai fassara shi ne kukunsa, Ɗan Talata, mutumin Damagaram, siriri kamar tsinken tsire, mai tafiya kamar shi ya haifi Nasaran. Suka sauka su uku, Mushe a duƙe, don rufin bai kai tsayinsa ba.

"Malam Garbai," in ji Ɗan Talata, "ya ce dush yake so."

"Allah ya ba shi. Mene ne shi?"

"Ruwan sama ne na cikin ɗaki. Ka murɗa ya sauko, ka murɗa ya ɗauke."

Garbai ya dubi kuku ya ga ba wasa a fuskarsa. Mushe ya miƙo masa wani kan ƙarfe mai ƙofofi kamar rariya, da ɗan abin murɗawa a wuyansa, ya nuna tano ɗaya, wato gangar ƙarfe ta man mota da aka juye, sannan ya buɗe wata takarda mai hoto. A hoton ga tukunyar ruwa a sama cikin kusurwa, ga kan ƙarfe, ga ruwa yana zuba. Da ma mai zanen ya ɓata tawada kaɗan ya zana mutum a ƙarƙashi, da yau ba mu da abin faɗi. Bai zana ba.

Mushe ya yi magana mai tsawo, yana buga kayen nan a tafin hannu.

"Ya ce kwana goma sha biyar zai yi a rangadi, da ni za shi. In ya komo ruwa ya sauko masa a ka, kuma ruwan ya tafi abinsa bai kwanta a ɗaki ba, zai soke sunanka. In ya komo bai samu haka ba, kai za ka shige gaba ranar tafiya."

"Tambaye shi wace kusurwa yake so."

"Ya ce kai ne magini."

Wannan magana ta yi wa Garbai daɗi fiye da kima. Kwana biyu ya yi yana zaɓen kusurwa kamar mai zaɓen doki. Biyu na gabas ya fid da su tun farko, ya ce ba da hannunsa za a riƙa zubar da dauɗar jiki ta wajen alƙibla ba, ko da ta Nasara ce. Ta uku matakalar sauka ta cinye ta. Saura ɗaya ke nan, ta yamma maso arewa, inda rufi ya fi sauka kuma inda babban bangon gidan ya ɗora nauyinsa. Duk da haka a kasuwa cewa ya yi cikin huɗu ya zaɓe ta, bayan dogon nazari.

Aiki kam ya yi aiki, ba a hana shi wannan. Ya kai tano maƙera aka raba shi biyu, aka huda gindin rabi aka ɗaura kan ƙarfen. Ya gitta azara uku a kusurwar, ya ɗora rabin tanon a kai, ya bar ɗan sarari tsakaninsa da rufi daidai shigar bakin tulu. A ƙasa ya tona ɗan gurbi ya cika da tsakuwa da gawayi don ruwa ya sami hanyar nutsewa. Bangon biyu kuwa ya shafe su da laso, shafen nan na katsin marina da gashin akuya da ruwa ba ya ci, wanda sai da ya roƙi wani marini kafin ya ɗebar masa.

Saura awon tsayi. Nan Garbai ya nuna shi ba ƙaramin magini ba ne. Ya ce tunda mai gidan dogo ne, da dogo za a auna. Ya je ya kira Aisami mai haƙar rijiya, Bamange, wanda duk ƙasar ba mai tsayinsa, mutumin da ake cewa in rijiya ba ta kai gaba biyu ba ba ya sauka, sunkuyawa yake yi ya ɗebo ƙasa.

"Dogo, shiga nan ka yi kamar za ka yi wanka."

Aisami ya tuɓe riga, ya shiga kusurwa, ya tsuguna a kan dutsen da Garbai ya dasa masa. Garbai ya sa hannu tsakanin kansa da kan ƙarfen.

"Taƙi ɗaya cif. Har da rara."

"Murɗa mu gani, Magini."

Aka murɗa. Ruwa ya sauko yaf-yaf a kan Aisami, ya yi ta dariya yana buɗe baki kamar ɗan tsako, ruwan kuma ya bi tsakuwa ya ɓace. Kafin la'asar labari ya kai bakin kasuwa. Kwana huɗu Garbai yana yawo da hula a goshi. Har ya kai sungumi maƙera a gyara masa baki, don hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma-yamma.

Ran kwana goma sha biyu da hantsi Ɗan Talata ya iso a kan jaki, an turo shi gaba ya buɗe gida ya share. Garbai ya tarye shi tun daga ƙofa, ya ja shi ƙasa kafin ma ya sha ruwa. Kuku ya tsaya gaban kusurwar. Ya dubi kan ƙarfen, wanda ya tsaya masa daidai ƙirji. Ya dubi dutsen tsugunno.

"Malam Garbai, wa ka gina wa wannan?"

"Kamar yaya wa?"

"Wannan dutsen na mene ne?"

"Na tsugunawa mana. A ƙasa zai tsuguna, ƙafarsa ta yi caɓi?"

Ɗan Talata ya zauna a kan matakala, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Nasara a tsaye yake wanka."

Garbai ya yi dariya. Da ya ga shi kaɗai ke yi, ya bari.

"A tsaye. Kamar doki."

"Kamar doki."

"Kai ka gani da idonka?"

"Allah ya kiyaye in gani. Amma shekara tara ina ɗebo masa ruwa, na san inda sabulu ke fantsama a bango. Ba ya tsugunawa. Ban taɓa ganin ya tsuguna ba ko don ya ɗauki abin da ya faɗi, ni yake kira."

"To me ya hana ka faɗa mini?"

"Ka tambaye ni?"

Ina zai tambaya? Tun da aka kafa Gure ba a taɓa jin ɗa mai hankali ya yi wanka a tsaye ba. Mutum ya shiga makewayi da ƙwaryarsa, ya tsuguna, ya kare mutuncinsa, ya fito. Wa zai tambayi abin da ko jariri ya sani?

"Kuma bari in ƙara maka," in ji kuku. "Raƙumi ya kayar da shi a wajen Bune, gwiwarsa ta kumbura kamar kabewa. Mutum biyu suka yi dariya, yanzu sunayensu suna cikin kaye. Jibi bayan la'asar ko gata zai iso."

Garbai ya ɗaga kai ya dubi rufi. Tanon ya riga ya kusa taɓa shi, ba inda za a ƙara ɗaga shi. A fasa rufin kuma, a samansa gadon Mushe yake, kuma azarar nan ita ke riƙe da daɓen gidan duka. Ya auna da kamu daga kan ƙarfe zuwa ƙasa, ya auna tsayin Mushe a ransa, ya sake aunawa ko lissafin zai ji tausayinsa. Kamu biyu ya rasa.

"In aka lallashe shi fa, aka ce haka ake yi a ƙasarmu?"

"Da wannan gwiwar? Kai za ka faɗa masa, ni ranar ba na jin Faransanci."

Da azahar ya koma gida. Aisa tana tankaɗe a gindin katangar nan mai sauraro. Ta ajiye masa fura bai taɓa ba.

"Malam, bango ya faɗi ne?"

"Da ma shi ne."

Ya gaya mata. Ta tsaya da rariya a hannu.

"A tsaye? Ba kunya ba tsoron Allah?"

"Ba wa'azi na zo nema ba, Aisa."

Ta dubi sungumin da aka gyara yana jingine, sannan ta dube shi. Ita ce ta yi jinyar Adamu, ta san yadda tarin nan yake fara wa mutum. Ta karkaɗe hannu.

"To zama ba zai ƙara wa ɗakin tsayi ba. Wanda ya tsuguna maka kuka yi wannan ɓarna, tashi ka koma wajensa. Tare kuka auna."

Ya sami Aisami a bakin wata rijiya yana murɗa igiya. Dogo ya saurara har ƙarshe, ya yi dariyar da sai da ya riƙe ciki, sannan ya share ido.

"Ni ban san gini ba, Magini. Abin da na sani, in ruwa ya ƙi hawowa wajena, ni nake sauka. Bar tanonka inda yake. A sauke Nasaran."

"A haƙa kusurwar?"

"Kamu biyu."

Garbai ya fi kowa sanin abin da ke ƙarƙashin kusurwar nan. Rairayi ne, irin na Gure, wanda in ka ɗebi ƙwarya ɗaya uku ke biyo ta. Kuma a kansa babban bangon gidan ya zauna. A haƙa kamu biyu a gindinsa, in rairayin ya gudu bango zai bi shi, gadon Mushe ya biyo bango. Wanda ya kayar wa Nasara gida kuwa, aikin hanya ma gata ne a gare shi.

"In ya zube fa?"

"In ya zube ina ciki, kai ka huta da ni. Kawo itacen goruba, gajeru, masu kauri. Yadda nake ɗaure rijiya haka zan ɗaure shi."

Washegari tun da sassafe suka fara. Suka sauke ruwan tano, suka tumɓuke dutsen tsugunno, Garbai ya kafa tokara biyu a ƙarƙashin azarar rufi. Aisami ya haƙa taƙi ɗaya, ya jera itace a kewaye ya cusa ciyawa a bayansa, ya sake haƙa taƙi ɗaya. Ɗan Talata yana sama yana shara, amma tsintsiyarsa wuri ɗaya take ta shara, daidai bakin matakala.

Sun kai kamu ɗaya da rabi sai Garbai ya ji wani ɗan sauti kamar ana zuba gero a faranti. Ya juya. Rairayi ne ke tsiyaya daga ƙarƙashin bango, siriri, ba ya tsayawa. Sama da shi, a jikin lasonsa mai kyau, wata tsaga ta fito kamar gashi, ta hau har rufi.

"Dogo, fito."

"In na fito yanzu ya tafi duka. Miƙo itace."

"Na ce ka fito."

"Miƙo itace, Magini, kana ɓata mini lokaci."

Ya miƙa. Aisami ya danna itacen da gwiwa, ya cusa ciyawa, ya cusa rigarsa ma a bayanta, ya sake danna wani. Tsiyayar ta ragu, ta ragu, ta tsaya. Suka daɗe suna sauraro, ba abin da suke ji sai numfashinsu.

Garbai ya fita waje ya kewaya bayan gidan. Tsagar ta ratso har waje. Ya kwaɓa laka kaɗan ya shafa siririya a kanta, faɗin tafin hannu, yadda ubansa ya koya masa. In lakar ta bushe ba ta tsage ba, bango ya tsaya. In ta tsage, yana tafiya. Tun daga lokacin, ko tuwo yake ci sai ya tashi ya je ya duba ta.

Rana ta biyu suka zuba tsakuwa da gawayi a gindin ramin, suka jera duwatsu a jikin itacen, Garbai ya bi da sauran laso. Aisami ya bar ƴan ƙofofi uku a jikin bangon ramin, kowace daidai shigar babban yatsan ƙafa.

"Ta ina zai fito?" in ji Garbai.

"Ta inda kowa ke fitowa daga rijiya."

Ya sa yatsa a ƙofa, ya dafa baki, sai ga shi a waje kamar ƙadangare. Garbai ya gyaɗa kai, ya ce madalla.

Rana ta uku Aisa ta zo da kanta, ta ce ba za a ce mijinta ya yi aikin gaggawa ba. Suka sa kaskon garwashi a ramin ya busar da laso, ita kuma ta bi shi da dutsen guga, ciki da baki, tana gogewa tana gogewa, har ya yi ƙyallin da ƙuda in ya sauka sai ya zame ya karya ƙafa. Kowa a cikinsu ya yi iyakar gwanintarsa. Ku riƙe wannan.

Bayan la'asar Mushe ya iso, an ɗauko shi a kan doki, ƙafa ɗaya a miƙe an naɗe ta da farin ƙyalle. Fuskarsa ta yi ja kamar gauta. Bai gai da kowa ba. Ya ajiye kayen baƙi a kan tebur a baranda, ya karɓi sanda, ya ɗingisa ya sauka. Garbai da kuku suka bi shi.

Ya tsaya a bakin ramin a duƙe. Ya dubi tano, ya dubi rami, ya zura sanda ya taɓa gindin. Ya faɗi kalma uku.

"Ya ce mene ne wannan."

"Ce masa rufi ya ƙi hawa, sai muka sauke ƙasa."

Ɗan Talata ya yi Faransancin da ya fi wannan tsawo sau goma, yana nuna sama yana nuna ƙasa yana fifita da hannu. Allah kaɗai ya san abin da ya ce. Mushe ya kaɗa musu sanda su fita.

Garbai ya wuce baranda, ya ga kayen a kan tebur, alƙalami a gefe. Ya kewaya bayan gida ya tsuguna gaban lakarsa. Aisami yana can gindin aduwa, Aisa a bayansa da mayafi a baki. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta tsaya cak.

Sai ruwan wanka ya fara. Ana jinsa ta cikin bango, yaf-yaf-yaf. Garbai bai ƙifta ido ba. Yana ganin rairayin nan a ransa yana shan ruwa, yana laushi. Rabin tano ruwa ne mai yawa. Ya ƙirga numfashinsa har ya ɓata lissafi. Lakar tana nan yadda take.

Ruwan ya ɗauke. Shiru.

Sai aka ji tim. Aka jima aka sake jin tim, da ƙarar tano kamar an buga ganga. Sannan murya ta taso daga ƙarƙashin ƙasa.

Garbai ya zagayo da gudu. "Me ya ce?"

"Wannan ba a fassara shi," in ji Ɗan Talata.

Muryar ta sake tasowa. Kuku ya je bakin matakala ya saurara, bai leƙa ba, ya komo.

"Kai yake kira. Kai kaɗai. Ya ce in na sauko ko na kira gardi mai tsaron gida, a bakin aikina."

Garbai ya dubi lakarsa sau ɗaya, ya dubi Aisa. Ya ja hula ya rufe ido, ya juya baya, ya sauka matakalar da baya da baya yana karanta duk abin da ya zo bakinsa.

Abin da ya faru shi ne, shiga ba ta yi wa Mushe wuya ba, zama ya yi a baki ya zurara. Wanka kuma ya yi shi a tsaye, ruwa a ka, yadda ransa ke so. Fitowa ce ta gagara. Ƙofofin Aisami an yi su ne don yatsan mai haƙar rijiya, ba don ƙafar da ta tashi cikin takalmi ba, balle ta sha sabulu. Ƙafa ɗaya ba ta lanƙwasuwa. Bakin ramin kuwa Aisa ta goge shi, ko'ina ya dafa sai hannu ya tafi. In ya yunƙura da ƙarfi kansa ya daki tano. Ga mai kayen baƙi, mai aika maza talatin ɗaukar dutse, an dasa shi a kusurwa har ƙugu kamar dashen rogo.

Garbai ya lalubo hannu ya ja, hannun ya sulluɓe kamar tarwaɗa. Ya sake kamawa, ya sake sulluɓewa, Mushe ya koma tim. Nan Garbai ya ga in aka yi na uku, ba hanyar Gidigir ba, har bakin teku za a kai shi. Sai ya tuɓe rigarsa, ya zura ta ƙarƙashin hammatan Nasara, ya haɗa bakin biyu a hannu, ya kafa ƙafa a bango, ya ja yadda ake fid da maraƙi daga rijiya. Mushe ya fito gaba ɗaya, suka zube tare a daɓe, dogo a kan gajere.

A nan ne Garbai ya buɗe ido ɗaya. Shi dai har ya mutu cewa yake yi ramin ya duba. Kuma ya ga ramin: ba ɗigon ruwa a ciki, duk ya nutse, tsagar bango ba ta ƙara ko gashi ba.

Mushe ya jawo tawul ya ɗaura. Suka dubi juna, ba kuku ba fassara. Nasara ya ɗora yatsa a leɓe. Garbai ya ɗora nasa. Mushe ya nuna ramin, ya yi alamar matakala da hannu, ɗaya, biyu, uku. Garbai ya gyaɗa kai har hularsa ta faɗi.

Da suka hau baranda Mushe ya buɗe kaye, ya bi da yatsa har na sha bakwai, ya ja layi. Ya sake ja. Ya ja na uku da ƙarfin da alƙalamin ya huda takarda. Har yau ba a daidaita ba a Gure, ko don ruwa ya sauko ya tafi aka soke sunan, ko don abin da ido ɗaya ya gani. Garbai bai tsaya tambaya ba. Ya ɗauki jiƙaƙƙiyar rigarsa ya fita, ya je gindin aduwa ya zauna a ƙasa.

"An soke?" in ji Aisa.

"An soke."

"To tashi, hadari zai same mu. Ina ka kai rigarka ta jiƙe haka?"

"Gumi ne."

Ruwan farko ya sauka kafin su kai gida. Da safe Garbai ya je ya gina matakala uku masu kaushi, ya hana Aisa ko kallonsu da dutsen gugarta. Da hantsi yana gonarsa ta hanyar Kelle, yana sara tana binsa da iri. Kwana biyar bayan haka aka tafi da sauran mazan. Ranar bai je gona ba, ya raka su har bayan gari, sannan ya komo. Daminar nan gonaki uku na waɗanda aka tafi da su ya yi wa noma ban da tasa.

Ya ƙara shekara talatin yana gini, kuma ya riƙe amanar Nasara, bai taɓa gaya wa kowa ba sai Aisa. Ita ma ba ta gaya wa kowa ba sai matan bakin rijiya. Abin da ya canza a aikinsa ɗaya ne. Ko rumbu ka kira shi ya gina maka, ko akurkin kaji, kafin ya taɓa laka sai ya dube ka ya ce, "A tsaye za a yi amfani da shi ko a tsugune?"

Wankan tsaye kuwa sau ɗaya ya gwada, don ya ji abin da Nasara ke ji. Ya shiga makewayinsa da ƙwarya ya miƙe tsaye. Zanar, duk gajartarsa, a ƙirji ta tsaya masa. Maƙwabciyarsu Biba tana shanya a tsakar gidanta, ta ɗago kai suka haɗa ido, ta ce, "Malam Garbai, barka da ruwa."

Ya amsa mata daga tsugune.